Ƙannena, wannan katin da kuka jefa a ƙarƙashin katifa

Assalamu alaikum ƙannena. Daren jiya a teburin mai shayin bakin layinmu na ji wani yaro, da ƙyar in ya kai shekara ashirin da biyu, yana cika baki cewa shi ba zai ɓata tafin ƙafarsa ya je rumfar zaɓe ba, sai dai in an ba shi na cefane. Wai ai mu nan wasan yara muke, Amurka ce tun da aka kafa ta kowa ke zaɓen wanda yake so. Na bar shi ya gama juya shayinsa, sannan na tambaye shi ko ya san mutum nawa suka zaɓi shugabanta na farko. Ya ce miliyoyi mana.

To ba haka ba ne. An yi zaɓen farko daga Disambar 1788 zuwa Janairun 1789. Ƙidayar 1790 ta samu mutum kusan miliyan 4 a ƙasar, kusan 700,000 daga cikinsu bayi ne, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai 50,000 ba. Ko su ɗin ma wakilai suka zaɓa, wakilan ne suka zaɓi shugaba. Mutum 69 kacal suka ɗora George Washington a kan mulki. Cikin jihohi 13, goma ne suka shiga. North Carolina da Rhode Island ba su riga sun amince da kundin tsarin mulki ba, ita kuwa New York 'yan majalisarta suka yi ta ja-in-ja har lokaci ya ƙure ba su naɗa kowa ba. A jihohi irin su Georgia da Connecticut ba a ma tambayi talaka ba, majalisar jiha ce ta zauna ta naɗa wakilanta. South Carolina ba ta daina hakan ba har zaɓen 1860.

Wa ke da ƙuri'a a inda aka buɗe rumfa? A mafi yawan jihohi, namiji, farar fata, mai shekara 21, mai ƙasa ko mai biyan haraji. A Virginia sai kana da eka 50 na fili, ko eka 25 da gida a kai. Ku auna da kanku. Ɗan acaɓa, ɗan dako, yaron shago, mai noman haya, da ma malamin da ke zaune a ɗakin aro, duk 'yan kallo ne. Da a can ne, duk mu da ke zaune a kan bencin mai shayin nan babu wanda za a bari ya matsa kusa da akwati. Abin da ya fi ciwo shi ne na bayi. Ba su da ƙuri'a, amma ana lissafa kowane bawa biyar a matsayin mutum uku wajen raba kujerun majalisa da yawan wakilan zaɓe. Wato yawan bayin da mutum ya danne shi ke ƙara wa jiharsa nauyi.

New Jersey ce ta ɗan yi dabam. Daga 1776 mace mai dukiyar fam 50 tana iya zaɓe, haka baƙar fata mai 'yanci. A 1807 majalisa ta zauna ta ƙwace. Wannan ku riƙe shi da kyau, don mutane na ɗauka in an ba ka haƙƙi shi ke nan ya zama gadon gidanku.

Su kansu wakilan, tsarin nasu da gyara. Kowane wakili ƙuri'a biyu gare shi, ba a bambanta ta shugaba da ta mataimaki. Wanda ya zo na ɗaya shugaba, na biyu mataimaki. A 1796 John Adams ya samu 71, Thomas Jefferson 68, ga su abokan hamayya, aka haɗa su gida ɗaya kamar kishiyoyi. A 1800 abin ya ƙara dagulewa. Jefferson da Aaron Burr, wanda jam'iyyarsu ta tsayar ya yi masa mataimaki, suka yi kunnen doki, 73 da 73. Burr ya ƙi janyewa. Sai da majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin Jefferson ya samu, a Fabrairun 1801. Wannan ne ya sa aka yi wa kundin gyara na 12 a 1804, aka raba ƙuri'un biyu. A 1824 kuma Andrew Jackson ya fi kowa ƙuri'un jama'a da na wakilai, amma bai kai rinjayen da ake buƙata ba, majalisa ta miƙa wa John Quincy Adams.

Maganar na cefane kuwa, ita ma tsohuwa ce. A 1758, Washington yana neman kujerar majalisar Virginia tun ƙasar tana hannun Ingila, wakilinsa ya shayar da masu zaɓe fiye da galan 140 na giya iri-iri. Kuma a lokacin da baki ake zaɓe, ka tsaya gaban jama'a ka faɗi sunan gwaninka, mai gonar da ke binka bashi yana jin ka. Kai yau an ba ka takarda, an ba ka lungu ka dangwala babu mai gani, amma kai da kanka kake ɗaga takardar ka nuna wa ɗan kore saboda taliya ƙulli biyu da sabulu. Haba ƙanena!

Shekaru aka kwashe ana faɗa kafin ƙofar ta buɗe. Baƙaƙen fata maza sun samu a rubuce a 1870, amma a Kudancin Amurka aka yi ta tare su da haraji da jarrabawar karatu har sai dokar 1965. Mata sai 1920. 'Yan shekara 18, sa'o'inku, sai 1971. Mu ma nan kada mu yi musu dariya. A zaɓen 1959 matan Arewa ba su da ƙuri'a, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana, kuma ba su shiga babban zaɓe ba sai 1979. Ku tambayi kakanninku mata, da yawansu sun haihu sun aurar kafin tawada ta taɓa yatsansu.

Ban ce ku zaɓi wane ba, ba ruwana da jam'iyyar kowa. Kuma na san takaicin tsayawa cikin rana tun safe ka ga sakamakon da bai yi kama da layin da ka bi ba, ni ma na sha. Amma in ka ƙi fita, ka mayar da kanka inda masu eka 50 suka ajiye talakan 1789, su da ƙarfi aka ajiye su, kai da ƙafarka ka je.

Yaron nan dai da muka tashi ya ce min katinsa ma bai karɓo ba, yana ofishin hukumar zaɓe tun bara. Na ce masa ranar Litinin ya same ni da ƙarfe tara, ni zan biya kuɗin Keke.