Harshen Biyari Ba Sababbin Haruffa Ya Fi Buƙata Ba

A gaɓar tekun kudu maso yammacin Indiya, a gundumomin Dakshina Kannada da Udupi na jihar Karnataka, da kuma yankin Kasaragod na jihar Kerala, akwai wata al'ummar Musulmi da ake kira Biyari. Sunan ya samo asali ne daga kalmar "byara" ta harshen Tulu, wadda ke nufin fatauci, domin kakanninsu 'yan kasuwa ne da suka daɗe suna cinikayya da Larabawa ta hanyar teku. Birnin Mangaluru ma, hedikwatar Dakshina Kannada, su Maikala suke ce masa.

Harshensu ɗan'uwan Malayalam ne, harshen jihar Kerala, amma doguwar zama da mutanen Tulu ta sauya masa lafazi, addini kuma ya cika shi da kalmomin Larabci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne halin da yaronsu ke ciki: a gida da kasuwa yana jin Biyari, a makarantar boko ana koyar da shi da Kannada, harshen jihar Karnataka, ko Turanci, a Islamiyya kuwa galibi da Malayalam ake fassara masa karatu. Harshen uwarsa ne kaɗai ba ya samun wurin zama a aji.

Gwamnatin Karnataka ta kafa hukumar raya adabin Biyari a 2007, kuma a 2020 hukumar ta fito da sababbin haruffa na musamman domin harshen. Na fahimci kishin da ke bayan wannan yunƙuri, domin kowace al'umma tana son a ga tambarinta. Sai dai ina ganin an ɗora wa yaron da ya riga ya iya haruffan Kannada, na Turanci da na Larabci wani sabon kaya, alhali marubutan Biyari sun daɗe suna buga waƙoƙi da labarai da haruffan Kannada, mutane kuma suna karantawa. Mu da muka taso tsakanin ajami da boko mun san wahalar raba masu karatu gida biyu.

Fim ɗin Byari na 2011 ya lashe babbar lambar yabon fina-finai ta ƙasar Indiya, kuma ya kai harshen kunnen mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba, ba tare da harafi ɗaya sabo ba. Da ni za a bi, a fara da buga littattafan yara da haruffan da suka riga suka sani, sannan malaman Islamiyya su riƙa yi musu bayanin alwala da salla da Biyari.