Wa ya ce aikin talabijin ya mutu?

Jiya da daddare na je gaida Yaya, na tarar ana ta kai ruwa rana a kan ɗansa da ya gama sakandare. Yaron ya ce fasahar watsa shirye-shirye yake so ya karanta, uban ya ce atafau, wa ke kallon talabijin a zamanin nan? Har ya nuna mini talabijin ɗinsa a manne da bango, a kashe, alhali mu bakwai ne a falon. Na ce, Yaya, leƙa wayoyinsu ka gani. Uwargida na bin wani shiri mai dogon zango a YouTube, babbar 'yarsa na kallon labarai a Facebook, autan kuma ƙwallo. Duk kallo suke yi.

Na san abin da ke ran Yaya, don tare muka taso. Mu ne 'yan leƙen taga a gidan maƙwabta, lokacin da CTV 67, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, ke tashe a Kano. Eriya tana kan doguwar gora, ɗaya na waje yana juyawa, na ciki suna ihu, "Ya yi! A'a, koma baya kaɗan!" In NEPA ta ɗauke wuta a jona batirin mota. Ƙarfe tara na yi, labaran NTA, kowa ya yi tsit. Wallahi ina kewar wannan zaman, domin ya haɗa kan gida, kuma uba ya san abin da ɗansa ke gani. Wannan rashin na yarda da shi.

Amma aikin yana nan, ya ma ƙaru. A da, tasha ɗaya ke cinye zango guda, wato layin da shiri ke bi ta iska ya iso gidaje. A tsarin dijital, ana matse hoto da sauti har zangon ya ɗauki tashoshi da yawa. Najeriya ta kasa cika wa'adin duniya na komawa tsarin dijital a Yunin 2015, sai a 2016 aka fara gwaji a Jos, Kano kuwa sai 2021. Tafiyar hawainiya ce, babu musu. To duk da haka, wa zai kula da na'urorin aika shirye-shirye? Wa zai saita dish da dikoda? Wa zai matse bidiyo yadda mai data ta ɗari biyu zai kalla ba tare da ya tsaya yana juyi ba? Tun da Arewa24 ta fara a 2014 aka ga yadda shirin Hausa ke fita tsaf idan ƙwararru ne a bayan kyamara, kuma masu kallo sun ɗanɗana, ba za su koma baya ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yaranmu kowa gaban kyamara yake so. Mai ɗaukar sauti, mai haske, mai tace hoto, ba wanda ke sha'awar zama su. Ku tuna azumin da ya wuce. Masallatai nawa suka watsa tafsiri kai tsaye a Facebook? A wani da na halarta, waya aka jingina da ginshiƙi, nesa da malam, ƙarar fanka ta danne muryar mai jan baki, jama'a na ta rubuta "ba ma ji" har aka shafa addu'a. Waya guda daga na'urar lasifika zuwa wayar hannun ita ce maganin abin, amma ba a samu wanda ya sani ba. Karatu mai daraja ya tafi a iska. Haka abin yake a ɗaurin aure, a taron siyasa, a gasar karatun Alƙur'ani, kuma duk wuraren nan a shirye suke su biya wanda ya iya.

Na gaya wa Yaya akwai kwalejin talabijin ta NTA a Jos, ga Jami'ar Bayero a nan kusa. Kafin lokacin, kada yaron ya zauna. Akwai wani abokina mai ɗaukar bukukuwa da ke neman yaron da zai riƙe masa wayoyi da makirufo. Yaya ya yi shiru, can ya ce, "To, ranar Asabar ka zo ka kai shi."