Switch 2: An cika mu da maganar ciniki, an bar katin da babu wasa a cikinsa

Tun ranar 5 ga Yunin 2025 da Nintendo ya saki Switch 2, na'urarsa ta wasan gem, amsa ɗaya ake jefa wa duk wanda ya buɗe baki da ƙorafi: ai an sayar da fiye da miliyan 3.5 a kwana huɗu. Wannan amsar ta ishe ni. Adadin gaskiya ne, kuma babu wata na'urar kamfanin da ta taɓa tashi da irin wannan sauri. Amma tsawon layi a ƙofar shago ba ya nuna ingancin abin da ke cikin kwali. Da yawan masu sayen nan tun watan Afrilu suka ba da oda, kafin wani mai sharhi ya kwana da na'urar ko da dare ɗaya.

Su kansu masu sharhin hannunsu a ɗaure yake. Nintendo bai raba musu na'urar makonni kafin fitowarta ba kamar yadda aka saba, sai dab da ranar. To me mutum zai gani a kwana uku? Zai ga allo ya girma zuwa inci 7.9, zai ji yadda maganaɗisu ke kama kwantirolar Joy-Con 2 ƙyam a gefen na'urar, zai ga eShop, kantin sayen wasanni ta intanet, ya daina jan ƙafa, zai shiga tseren mutum 24 a Mario Kart World ya ji daɗi. Duk wannan haka yake. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda aka ɗauki wannan ɗanɗanon farko aka mai da shi hukunci, har wanda ya ce a dakata ake kiransa mai hassada.

Da masu kayan awo suka zauna, sai labari ya fara sauyawa. Digital Foundry da Monitors Unboxed duk sun nuna allon na jinkirin sauya launi, abin da ke sa hoto mai gudu ya riƙa barin inuwa a bayansa. An rubuta HDR, tsarin ƙara bambancin haske da duhu a hoto, a takarda, amma allon LCD ne da haskensa bai kai ya ba da bambancin da sunan ke alkawari ba. Tsarin VRR, mai hana hoto tsinkewa idan gudun wasa ya sauka, a hannu kawai yake aiki. Da ka ɗora na'urar a mazauninta ka haɗa da talabijin ya tafi, kuma sai da kamfanin ya nemi afuwa kan bayanin da ya fara sawa a shafinsa. Batirin kuwa 5220mAh ne, Nintendo da bakinsa ya ce awa 2 zuwa 6 da rabi, alhali tsohon samfurin Switch OLED na yin awa 4 da rabi zuwa 9. Wasa mai nauyi zai cinye cajin cikin awa biyu da 'yan mintoci, cika shi kuma sai an jira kusan awa uku.

Sai sandar juyawa ta jikin kwantirola, ciwon da ya addabi masu Switch na farko tun 2017. Cikinta akwai ɗan harshen ƙarfe da ke goga wata shimfiɗar gawayi don na'ura ta san inda ka karkata. Yau da gobe shimfiɗar na cinyewa, ƙura ta shiga, sai ka ga ɗan wasanka na tafiya hagu alhali babban yatsanka na sama. Maganin da aka sani shi ne sanda mai aiki da maganaɗisu wadda babu abin da ke gogar wani a cikinta. Nintendo ya tabbatar bai sa irinta ba. Da iFixit, masana gyaran na'urori, suka warware na'urar sun tarar da tsohon tsarin gugar nan, suka tarar da batir an manne shi da gam, suka ba ta maki 3 cikin 10 wajen sauƙin gyara. Wannan ciwo ba ya fitowa a makon farko, sai bayan watanni, lokacin da masu sharhi sun koma kan wani kayan. Sabon Joy-Con 2 guda biyu kuwa dala 94.99 aka sa masa a Amurka ranar fitowa.

Su kuma 'yan gem da suka cika shafin Nintendo da kiran a rage farashi a watan Afrilu, sun ɓata harsashinsu kan dala 449.99 ta na'ura da dala 79.99 ta Mario Kart World. Farashi abu ne da ka gani da idonka kafin ka zaro kuɗi.

Abin da ba ka gani sai ka kai gida shi ne Game-Key Card, kuma a nan ne ya kamata a yi hayaniyar. Kwali ne irin na kullum, kati ne ja irin na kullum, amma babu wasan a cikinsa, mabuɗi ne kawai. Ka zura shi, na'urar ta nemi intanet, ta sauke wasan gaba ɗaya cikin ma'ajinta, sannan duk lokacin da za ka yi wasan sai katin na ciki. Wato ka ɗauki wahalar kati da wahalar saukewa a lokaci guda. Street Fighter 6 haka ya zo, kuma wajen 50GB yake nema. Yawancin wasannin sauran kamfanoni, ban da Nintendo, da suka raka na'urar kasuwa haka suka zo. CD Projekt Red kuwa ya zuba Cyberpunk 2077 kacokan a kati mai 64GB, ka zura ka fara wasa. Ashe ana iyawa, kuɗin katin ne wasu ba sa son biya, sai suka ɗora nauyin a kan ma'ajin mai saye da datarsa.

A yi lissafin ma'ajin. Na'urar 256GB take da shi, tsarinta ya ci wani kaso. Wasa huɗu masu girman Street Fighter 6 sun kusa cika ta. Katin memorin da ka tara wasanni a kai a tsohon Switch ba zai yi ba, hotuna da bidiyo kawai za ka iya kwasowa daga kansa. Dole sai microSD Express, wanda mai 256GB mai tambarin Nintendo dala 59.99 aka sa masa a 2025. Wannan kuɗin ba ya cikin farashin da masu sharhi suka auna na'urar da shi.

Ana cewa ai katin mabuɗi ya fi lambar saukewa tunda za ka iya sayar da shi ko ka ba da aro. Wannan kare kai ne mara ƙarfi, don wanda ka sayar wa shi ma sai ya sauke 50GB ɗin, kuma sai idan rumbun intanet na Nintendo da ake sauke wasan daga cikinsa na nan a buɗe. Kamfanin ya riga ya rufe kantunan tsofaffin na'urorinsa: ya rufe kantin Wii a 2019, ya rufe saye a kantin 3DS da Wii U a watan Maris na 2023. Katin Game Boy na 1989 yau ka hure ƙurarsa ka zura zai tashi. Katin mabuɗi ranar da aka kashe rumbun ya zama roba.

Wanda ke Tokyo ko Landan da intanet ɗin gida mara iyaka ba zai ji zafin wannan ba, kuma daga irin wuraren nan ake rubuta sharhin. Mai saye a Kano ko Yamai ta hannun ɗan kasuwa na'urar ke iso masa, da datar waya zai sauke, ga wuta na ɗaukewa ana tsakiyar saukewa. Abin da ya riƙe masu Switch a nan shi ne katin hannu: ka gama wasa ka musanya da wani, babu ruwanka da intanet. Shi ne ake tsinkewa a hankali.

Kuma ko katin hannun yanzu da haɗarinsa. Tun makonnin farko aka fara ganin lambar kuskure 2124-4508, alamar an toshe na'ura daga intanet, a wajen masu amfani da katin kwafi na MIG. Ba ni da tausayin mai satar wasa. Amma na'urar da aka toshe ba za ta iya sauke wasan katin mabuɗi ba, kuma irinta na iya komawa kasuwar kayan hannu a sayar wa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Tun a watan Mayu Nintendo ya gyara yarjejeniyarsa ta Amurka ya ba kansa ikon hana na'ura aiki gaba ɗaya idan ya ga an karya ƙa'ida, har hukumar kare masu saye ta Sao Paulo a Brazil ta tuhume shi a kan irin wannan sharaɗin. Sharhi nawa ne ya rage wa na'urar maki saboda wannan?

Kafafen da suka ba da maki a makon farko su koma su sake aunawa bayan wata shida, da sandar da ta sha hannu da ma'ajin da ya cika. Nintendo kuma ya kamata ya samar wa kamfanoni katin da za su iya biya. Mai saye kuma ya duba ƙasan kwali ta gaba: idan ya ga farin layi da hoton mabuɗi, girman abin da zai sauke na rubuce a wurin. In na hannu zai saya, kada ya miƙa kuɗi sai an haɗa na'urar da intanet a gabansa an buɗe eShop ya gani.