Fistan birkin baya ba a danne shi da ƙarfi

Mutane da yawa sun ɗauka cewa canza takalmin birkin baya ɗaya ne da na gaba: ka cire tsohon, ka danna fistan (ƙarfen da ke tura takalmin idan an taka birki) ya koma ciki, ka sa sabo. Ba laifinsu ba ne, domin a gaba haka ake yi, kuma a wasu motocin, kamar Toyota Camry ta 2007, na bayan ma dannawa ake yi.

Amma a motoci irin su Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 da Volkswagen Golf 4, birkin hannu yana aiki ne ta cikin fistan ɗin baya. Akwai sukuru a cikinsa, wanda ke matso da fistan gaba yayin da takalmin ke cinyewa. Don haka murɗa shi ake yi ta hannun dama, ana dannawa a hankali. Duba fuskarsa, za ka ga tsagi inda abin murɗawa ke kamawa.

Na ga wani ya sa ƙarfe yana bankara har robar da ke kare fistan daga ƙura ta yage, fistan bai motsa ba. Abin da ya fi ba ni haushi, ya ce tsatsa ce.

Sauke birkin hannu kafin ka fara, ka tare tayoyin gaba da dutse. Motar da birkin hannunta na maɓalli ne kuwa, sai an sa ta a yanayin gyara (saitin da ke janye birkin hannun don a yi aiki) tukuna. In ka gama, taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa motar.