Wahala kaɗai ba ta kashe girman kai

Ina yawan jin ana cewa wahala ce maganin girman kai, wai da zarar mutum ya sha wuya shi ke nan ya zama mai tawali'u. Ni dai ban yarda ba, kuma cocinmu, wanda aka fi sani da Mormon, bai koyar da haka ba. A Littafin Mormon, ɗaya daga cikin littattafanmu masu tsarki, sashen Alma sura 62, an ce bayan dogon yaƙi zukatan wasu sun ƙeƙashe, na wasu kuma sun yi laushi har suka ƙasƙantar da kansu gaban Allah. Yaƙin kuwa ɗaya ne.

Ku duba kurkukun Liberty a jihar Missouri ta Amurka. Joseph Smith, wanda ya kafa cocinmu, na tsare a can daga Disamban 1838 zuwa Afrilun 1839, cikin tsananin sanyi. A waje kuma gwamnan jihar, Lilburn Boggs, ya riga ya ba da umarnin a kori mabiyansa ko a hallaka su. Matarsa Emma da ƙafa ta tsallake kogin Mississippi a kan ƙanƙara, da yara a hannu. Joseph ya yi kuka yana tambayar Allah ina yake. Amsar ta zo da lallashi, cewa ƙuncin na ɗan lokaci ne, amma ta zo da tambaya mai nauyi: Almasihu ya sha abin da ya fi wannan, kai ka fi shi ne?

Abin da ya fi ratsa ni, cikin wasiƙar da ya aiko daga kurkukun a Maris 1839 akwai gargaɗi ga shugabannin cocin kansu, cewa kusan kowa da ya ɗan samu iko sai ya fara danne mutane. Wanda aka zalunta ne fa ke faɗin wannan ga nasa!

A 1989 shugaban cocinmu na lokacin, Ezra Taft Benson, ya ce asalin girman kai gaba ce da Allah da kuma mutane, kuma na ƙasa ma yana yin sa, ta hassada da gunaguni. Shi ya sa ciwo ko talauci ke iya ƙara shi.

Don Allah 'yan'uwa, idan kun je dubiya, kada ku ce wa mara lafiya Allah na karya masa girman kai ne. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Alkawarin da muka ɗauka ranar baftisma shi ne mu yi kuka tare da masu kuka.