Makankarin da ya addabi tafkunan Amurka: a tare shi tun a bakin ruwa

Abin bai fi girman farcen babban yatsa ba, wani ɗan makankari ne mai ɓawo biyu da zane-zane a jikinsa, shi ya sa ake ce masa zebra, wato jakin dawa da Turanci, yana kuma da ɗan uwa da ake kira kwaga. Asalinsu yankin tekun Kaspiyan da Baƙin Teku. Jiragen dakon kaya ne suka kai su Amurka cikin ruwan da suke ɗura wa cikinsu don kar su yi tangal-tangal a teku, in sun iso tasha sai su zubar. A 1988 aka fara ganin zebra a tafkin St. Clair tsakanin Amurka da Kanada, a ƙarshen 1989 har ya toshe bututun da garin Monroe na jihar Michigan ke jan ruwan sha, famfo ya ɗauke.

Ni dai ra'ayina, duk gwamnatin da ke da dam ko tafki ta zuba kuɗinta wajen hana shi shiga, don in ya riga ya shiga babban ruwa to gaskiya sai dai a koyi zama da shi ana biya duk shekara. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai kusan miliyan a shekara, 'ya'yan kuma ido ba ya ganinsu, suna yawo cikin ruwa har su sami wuri mai tauri su manne, bututu ne, injin ba da wuta ne, ƙofar dam ce, gindin kwalekwale ne, su hau kan juna su yi ta taruwa har hanyar ruwa ta tsuke. Kowane ɗaya yana tace kusan lita guda a rana, ruwa ya yi garau mutum ya ɗauka abin arziki ne, alhali abincin ƙananan kifi suka kwashe, masuntan tafkin Michigan sun gani a ƙwaryarsu.

Akwai masu cewa ai in ya shigo sai a sa magani. An gwada. A 2006 an kashe su tas a wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika, Millbrook a jihar Virginia, da sinadarin potash, amma wurin ƙarami ne kuma a rufe yake. A tafkin Winnipeg na Kanada an yi irin haka a tashoshin jiragen ruwa huɗu a 2014, ba a jima ba aka same su a sauran tafkin. Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne na kogin Snake a jihar Idaho, a Satumbar 2023 aka gano 'ya'yan kwaga kusa da Twin Falls, cikin 'yan makonni hukuma ta zuba maganin tagulla a ruwan, kifi ya mutu tuli har da manyan nan da ake kira sitajin masu shekaru da yawa a duniya, sai ga shi a 2024 an sake ganin abin an sake zuba magani. Ban ga laifinsu ba wallahi, in suka bari ya gangara kogin Columbia mai cike da damdam na wutar lantarki asarar ta fi haka nesa ba kusa ba, amma dubi tsadar abin.

Yanzu kwatanta da tafkin Tahoe da ke tsakanin jihohin Kalifoniya da Nevada. Bayan an ga kwaga a tafkin Mead na yankinsu a 2007, sai hukumomin Tahoe suka sa dokar duba duk kwalekwale mai inji kafin ya taɓa ruwa, wanda ake shakka a wanke shi da ruwan zafi. Masu jirage suna ƙorafin layi da kuɗin dubawa, kuma na fahimce su, ba wanda ke son a tsare shi da sassafe, to amma shekara da shekaru abin bai sami wurin zama a can ba. Ƙa'idar ba wuya, ka wanke, ka tsiyaye ruwan ciki, ka bari ya bushe, don makankarin yana iya yin kwanaki a waje bai mutu ba in akwai danshi.

Wani zai ce mu ina ruwanmu, ai wannan na ƙasar sanyi ne. Zebra da kwaga kam ba sa son zafi sosai, amma akwai na uku, mai ruwan zinariya ɗan asalin Chaina, shi zafi bai dame shi ba. A 1991 ya bayyana a Ajantina, ya bi kogin Parana sama har dam ɗin Itaipu da ke tsakanin Burazil da Paraguwai, a Oktoban 2024 kuma aka same shi a tashar Stockton ta Kalifoniya. Jiragen da ke zuwa Legas da Onne su ma da ruwan nan a cikinsu suke zuwa, kuma wanda ya ga yadda kachala ta cinye hanyoyin ruwa a Hadeja da Nguru ya san wahalar korar abin da ya riga ya kafu. Akwai yarjejeniyar duniya kan ruwan cikin jirgi da ta fara aiki a 2017, abin da nake so shi ne hukumar NIMASA mai kula da harkar jiragen ruwa a Najeriya ta riƙa ɗibar ruwan ana aunawa a tasha, masu kula da Kainji da Jebba da Shiroro kuma su riƙa leƙa bututunsu suna rubuta abin da suka gani manne a jiki.