Sai likita ya gan ka ido da ido

Ciwon baya ya kama ni a nan jihar Ohayo ta Amurka, irin na masu ɗaukar kaya a sito. Na shiga manhajar inshora na zaɓi lokaci, sai ga likita a fuskar waya: farar riga, hoton karenta a bango, tana kiran sunana a karkace. Ta sa na miƙe, na duƙa, na nuna mata wurin da yatsa. Ina ambatar tramol sai fuskarta ta canza. Ta ce wannan kam sai na je asibiti an duba ni. Raina ya ɓaci, sai ka ce ɗan ƙwaya ta gani.

Abin yana da tushe. A 2001 wani matashi ɗan shekara 18 a Kalifoniya, Ryan Haight, ya mutu bayan ya sha Vicodin, wani maganin ciwo mai bugarwa, da ya saya ta intanet, kuma likitan da ya rubuta masa bai taɓa ganinsa ba. A 2008 aka yi doka da sunansa: maganin da ake iya buguwa da shi, ba a rubuta shi ta intanet sai likita ya taɓa duba mutum gaba da gaba. Lokacin korona a 2020 hukumar DEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Amurka ta sassauta dokar, amma kamfanonin ganin likita ta waya da yawa har gobe ba sa rubuta irinsa ta waya.

Ban ce dokar banza ce ba. Duk wanda ya ga abin da kodin ya yi wa samari da matan aure a Kano kafin a hana shi a 2018 ba zai yi mata dariya ba. Abin da ya dame ni shi ne 'yan gida da ke nan, masu cewa Najeriya ma ta kwafa. A kwafa a kai wa wa?

Ƙauyenmu yana bayan Ringim. Tramol ɗin da aka hana ni, a can ko takarda mai kemis ba zai tambaye ka ba. Ba waya ce ke kashe mu ba. Na kira gida kwanakin baya na ce, "Inna, kin je an duba ƙafar?" Ta ce, "Ɗan nan, da wannan ruwan? Ko mai babur ba ya shigowa. Yaron kemis ya yi mini allura." Abin da ya taimaka shi ne hoton ƙafar da ƙanena ya turo ta WhatsApp. Na kai wa wani abokina likita, ɗan Jigawa, ya ce maza a gwada mata suga, a kai ta Dutse.

To wannan hanyar za a sa wa takunkumi? A fara da kemis mana. Kuma likitan da za a ce sai Inna ta je ta gani da idonta, ai ga shi nan Kolombus, babban birnin Ohayo, sahu ɗaya muke tsayawa da shi ran Juma'a.